Kafin a sayar da filin Baba saboda mastas a Ingila

Wasiƙar wannan makon daga Kubwa ta zo. Na ɗan taƙaita ta:

"Assalamu alaikum Yaya. Ni lauya ne, shekarata 28. Na karanta shari'a a Jami'ar Jos, na yi Makarantar Horar da Lauyoyi a Bwari, aka rantsar da mu a 2023, na kuma gama bautar ƙasa. Yanzu ina aiki a wata chamba (ofishin lauyoyi) a Wuse, albashin da ƙyar yake kai ni ƙarshen wata in aka cire haya da kuɗin mota. Wata jami'a a arewacin Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu, LLM a dokokin kasuwanci na ƙasa da ƙasa, kuɗin makaranta fam 17,000. Ejan ɗin da ya nemo mini gurbin ya ce in biya kafin alƙalami cikin mako biyu ko gurbin ya kuɓuce, ya kuma ce da na gama zan samu aikin lauya a can in ɗauko iyalina. Mahaifina ɗan fansho ne a Jos. Yana da fili guda a wajen hanyar Bauchi, an taya naira miliyan 30, ya ce zai sayar in tafi. Mu bakwai ne a wurinsa, ni ne babba. Na yi aure bara, matata tana da juna biyu. Abokan karatuna uku sun riga sun tafi, kullum ina ganin hotunansu. Yaya, in tafi ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka biya kuɗin nan cikin mako biyun da aka ɗibar maka, kuma ka roƙi Baba ya dakatar da cinikin filin. Ban hana ka karatu a waje ba, ina ma so ka yi shi. Wannan tafiyar ce, a kan wannan lissafin, ban yarda da ita ba.

Abu biyu kake son saya da kuɗi ɗaya: ƙarin ilimi, da kuma damar zama a Ingila kana aikin lauya. Jami'ar nan na farkon kawai take sayarwa. Na biyun ba a hannunta yake ba, ba kuma a hannun ejan ba, wanda galibi jami'a ce ke biyansa la'ada a kan kowane ɗalibin da ya kawo. Shi ya sa yake ta azalzalarka.

Ka fi kowa sanin yadda muke tsare ƙofarmu a nan gida. Wanda ya karanto shari'a a Landan, ko da da sakamako mafi daraja ya dawo, ba ya sa hula da riga ya shiga Babbar Kotun Abuja ya ce ya tsaya wa wane. Sai ya je Makarantar Horar da Lauyoyi ya yi kashin farko da aka tanadar wa masu digirin waje, ya yi kashi na biyu tare da kowa, a rantsar da shi, a rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. To su ma haka suke tsare tasu. A Ingila da Wales aikin lauya a rabe yake, akwai barista mai tsayawa a gaban kotu, akwai solisita mai ba da shawara da shirya takardu, ba kamar mu da muka haɗa su a mutum ɗaya ba. Mafi yawan namu da ke can hanyar solisita suke bi, kuma tun 2021 ƙofarta ita ce jarrabawar SQE da SRA, hukumar da ke ba solisitoci lasisi, ke kula da ita. Kashin farko tambayoyi 360 ne na zaɓen amsa, a zama biyu, kuma kusan rabin masu zana ta faɗuwa suke yi, har da 'yan ƙasar. Kashi na biyu gwajin aiki ne: ganawa da mai ƙara, rubuta takardu, gabatar da hujja. Kuɗin jarrabawar biyu kaɗai wajen fam 5,000 ne, ban da kuɗin darasin shiri. A duk sharuɗɗan nan babu inda aka ce sai kana da LLM. Kai da aka riga aka rantsar a Najeriya ma kana da sauƙin da ɗan ƙasar da ya fito daga jami'a ba shi da shi: ba a neman ka yi shekara biyu ta koyon aiki, kuma kana iya neman a yafe maka kashi na biyu in ƙwarewarka ta gamsar da su. Kashin farkon kuma ana zana shi a cibiyoyin kwamfuta a ƙasashe da dama. Ma'ana, in lasisin Ingila kake so, kana iya fara karatunsa daga ɗakinka na Kubwa bayan sallar isha'i, ba tare da an taɓa filin kowa ba.

Sai maganar biza, wadda nan ne ejan ya fi ɓoye maka gaskiya. Tun watan Janairun 2024 ɗalibin mastas irin na aji, kamar wanda aka ba ka, ba ya tafiya da mata ko 'ya'ya. Masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu ne aka bar wa wannan damar. Bayan kammala karatu akwai bizar da ake ba ɗalibai su zauna su nemi aiki. Shekara biyu ce tun da aka fito da ita a 2021, amma duk wanda zai neme ta daga 1 ga Janairun 2027 wata 18 zai samu, kai kuwa a cikin sabuwar ƙa'idar za ka faɗa. Ita ma wannan bizar, iyalin da suke tare da kai tun kana ɗalibi ne kaɗai ke iya bin ka a kanta. Ka lissafa da kanka: shekara ɗaya ta karatu, shekara ɗaya da rabi ta neman aiki. Ɗan da ke ciki yanzu sai ya yi wayo yana gudu a tsakar gida bai san ubansa ba sai ta waya. Ka tambayi matarka ko ta san da haka? Wasiƙarka ta faɗi ra'ayin Baba da na ejan da na abokanka, ita ce kaɗai ban ji ta bakinta ba.

Don ka wuce wata 18 ɗin, sai ka samu kamfanin da ke da izinin ɗaukar nauyin baƙo, ya kuma biya ka albashin da doka ta gindaya. Tun Yulin 2025 fam 41,700 ne a shekara, da rangwame zuwa fam 33,400 ga sababbin kammala karatu. Aikin da lauyan waje ya fi samu da farko shi ne na mataimakin lauya, duba takardu da shirya fayil, kuma albashinsa sau da yawa ba ya kai nan, musamman a wajen Landan. Manyan kamfanonin lauyoyi da ke biya da kyau suna ɗaukar masu koyon aiki ne kusan shekara biyu kafin su fara, kuma suna buɗe neman a kaka su rufe wajen Disamba ko Janairu. Wato ka sauka a Satumba, kana neman ɗaki, kana fama da sanyi da tsarin karatun da ba ka saba ba, ƙofar ta riga ta fara rufuwa. Akwai namu da suka shiga, ina kuma alfahari da su. Amma in ka bincika za ka tarar yawancinsu sun tafi ne da shekaru na aiki a babban kamfani a Legas ko Abuja, a fanni guda da aka san su da shi. Abokan naka uku, ka bar kallon hotuna, ka kira kowannensu da dare ka tambaye shi abu uku: wane aiki yake yi yanzu, nawa yake rage masa bayan haya, kuma bizarsa yaushe za ta ƙare. Ba abin kunya ba ne lauya ya yi aikin kula da tsofaffi ko ɗaukar kaya a sito, halal ce. Sai dai ba don shi Baba zai sayar da fili ba.

Yanzu mu buga lissafi. Kuɗin makaranta fam 17,000. Kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin zama na wata 9, sama da fam 1,100 kowane wata a wajen Landan, wato fiye da fam 10,000, kuma dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusu. Ga kuɗin kiwon lafiya fam 776 a shekara, ga kuɗin bizar kanta, ga gwajin tarin fuka, ga tikiti, ga kuɗin ajiya na ɗaki. Kana maganar kusan fam 30,000. Don sauƙin lissafi mu ɗauka fam ɗaya naira 2,000 ne, in ka so ka leƙa wurin 'yan canji a Zone 4 ka ji farashin yau. Naira miliyan 60 ke nan. Filin rabin kuɗin zai biya. Na san abin da za ka ce: sauran zan yi aiki a can in cika. Ɗalibi awa 20 doka ta ba shi a mako lokacin karatu, mafi ƙarancin albashi kuma bai kai fam 13 a awa ba. Abin da zai shigo bai wuce fam 1,000 da 'yan kai a wata ba, haya da abinci da mota sun cinye. Ba ya biyan kuɗin makaranta, balle ka aiko wa mai jego. Ka kuma tuna abin da ya faru bayan an saki naira a Yunin 2023: dalar da ake saye ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗalibanmu da suka tafi da niyyar biya kashi-kashi daga gida suka wayi gari kuɗinsu ya narke, har wata jami'a a Ingila ta dakatar da wasu a 2024 aka ce su bar ƙasar.

In ejan ya ce zai haɗa ka da masu zuba kuɗi a asusunka na kwana 28 su cire da ruwa a kai, ko masu gyara takardar banki, ka guje shi. Ban da haramcin ruwan, takardar bogi na jawo haramcin shiga ƙasar na shekara 10, kuma hukumar da za ta ba ka lasisi tana binciken halin mutum kafin ta karɓe shi. Kai lauya ne, sunanka shi ne jarinka.

Filin nan kuma, a matsayinka na lauya kuma babban ɗa, ka kalle shi da idon aikinka. Dukiyar Baba ce, yana da ikon yin abin da ya ga dama da ita yana raye. Amma ƙanne shida na bayanka, wasu na tabbata ba su gama makaranta ba, wasu aure na gabansu, shi kuma fansho ka san yadda take zuwa. In ka tafi ka yi nasara, za a ce ka ci rabon kowa, sai ka yi shekaru kana biya. In ba ka yi ba, maganar za ta fito ranar rabon gado, ko da ba a gabanka ba. Irin waɗannan shari'o'in ai kana ganinsu a kotu. Baba ya yi tayin ne don ƙauna da alfahari, yana son a ce ɗansa na Ingila. Kai ne ya kamata ka ce masa a'a cikin ladabi. Ka je Jos da kanka, kada ka yi ta waya, ka zauna ka nuna masa lissafin nan a rubuce, ka ce masa tafiyar na nan amma da kuɗin wasu za a yi ta in Allah ya yarda.

Ba ka tambayi Amurka ba, amma na san za ta zo maka a rai. Can digirin lauya na ainihi shi ne JD na shekara uku, shi kamfanoni suka sani. Jihar New York na barin masu digirin waje su zana jarrabawarta bayan ta tantance takardunsu, California kuma na karɓar wanda aka riga aka rantsar a ƙasarsa. Amma izinin aiki bayan karatu wata 12 ne kawai ga mai LLM, bayansa sai bizar aiki ta H-1B mai gurabe 85,000 a shekara ga duniya duka, kuɗin karatun ya ninka na Ingila, kuma tun 2025 suka ƙara tsaurara ba 'yan Najeriya biza. Ka ajiye ta tukuna. Kanada ta fi tsari ga mai niyyar ƙaura. Kwamitin NCA ne ke duba takardun lauyan waje ya yanka masa darussan da zai zana, galibi har da tsarin mulkinsu, dokar laifuka, dokar gudanarwa da ɗa'ar aiki, kuma ana zana su ta intanet daga nan. Bayan haka sai jarrabawar lardin da mutum ya zaɓa da zaman koyon aiki a ƙarƙashin wani lauya, wanda samun gurbinsa shi ne wahalar. Nan ma ka ga lasisin hanyarsa daban, digiri na biyu hanyarsa daban.

To ina amfanin LLM na waje? Yana da amfani sosai, ga wanda ya san abin da ya je ɗaukowa da kuma inda zai sauke shi. Damuwata da wanda aka ba ka ita ce faɗinsa. "Dokokin kasuwanci na ƙasa da ƙasa" kwas ne da kusan kowace jami'a ke da shi, masu riƙe da shi sun yi yawa a Abuja, kuma shugaban chamba ba zai ƙara maka ko sisi saboda shi ba in ba ka kawo aikin da wani ba zai iya ba. Dubi abin da ya sauya a ƙasar nan cikin 'yan shekaru. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta haifar da hukumomin NUPRC da NMDPRA masu sa ido a harkar mai da iskar gas. A 2023 kaɗai an samu sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu, da dokar kare bayanan jama'a da hukumarta NDPC, da sabuwar dokar sasanta rikici a wajen kotu. Duk waɗannan hukumomin a Abuja suke, wasu 'yan mintuna ne daga ofishinka, kuma kamfanonin da suke sa wa ido na neman lauyoyin da suka fahimci dokokin. Ga harkar kuɗi ta Musulunci: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, bankin TAJ a 2019, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk (takardun karɓar bashi marasa ruwa) na farko na naira biliyan 100 a 2017, kuma har yau lauyoyin da suka iya haɗa fiƙihun ciniki da dokar kamfanoni ba su da yawa. Kowane fanni da inda aka san shi: makamashi da ma'adinai a Dundee da Aberdeen da ke Scotland, sasanci a Queen Mary ta Landan, dokar ƙasa da ƙasa a Leiden ta ƙasar Holan, haƙƙin ɗan'adam a Afirka a Jami'ar Pretoria, kuɗin Musulunci a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Malesiya, inda rayuwa ma ta fi araha nesa ba kusa ba. Kai ɗan Jos ne, ka tashi kana ganin kududdufan da haƙar kuza ta bari da rigingimun fili da masu haƙar ma'adinai. Ban ga abin da zai hana ka zama wanda ake nema a dokar ma'adinai ba.

Ba zan yi maka alkawarin da ejan ya yi ba. Aiki a hukumomin nan ba a raba shi a bakin titi, wanda ka sani yana tasiri, kowa ya san haka, kuma takardar Ingila ba ta kawar da wannan ba. Abin da take yi shi ne ta sa in an kira ka ganawa ka fi sauran abin faɗa. Ka kuma sani cewa manyan matakan aikinmu da shekarun lauyanci ake auna su: alƙalin babbar kotu shekara 10 bayan rantsuwa, lambar SAN ta manyan lauyoyi ma haka, tare da shari'o'in da ka tsaya a kansu. Shekara uku da za ka yi a can kana aikin da ba na shari'a ba, abokanka da suka tsaya suna tara fayil ne da mutane. In kuma koyarwa kake sha'awa, LLM na Jos ko Zariya ko Kano ko nan Abuja ya isa ya buɗe maka ƙofar digiri na uku, kana aikinka kana kwana a gidanka. In ƙungiyoyin duniya ne a ranka, kotun ECOWAS na nan Abuja, kuma a can Faransanci zai yi maka aikin da digiri na biyu ba zai yi ba.

Ga abin da nake so ka yi. Ka rubuta wa jami'ar kai tsaye, ba ta hannun ejan ba, ka nemi a ɗage maka gurbin zuwa baɗi. Da yawa suna yarda, in ma sun ƙi, wanda ya samu gurbi bana zai samu baɗi. Sannan ka shirya neman tallafin karatu da gaske. Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya, na biyan kuɗin makaranta da na zama da tikiti, sharaɗinsu aikin shekara biyu, wato awa 2,800, da alkawarin dawowa gida na aƙalla shekara biyu, kuma suna buɗewa ne wajen watan Agusta. Akwai tallafin Commonwealth, jami'o'i ma da kansu suna rage kuɗi ga wanda ya nema da wuri. Duk masu ba da tallafin nan tambaya ɗaya suke yi: me ka yi, me za ka dawo ka yi? Shekarar nan da kake ganin ɓata lokaci ce, a cikinta za ka samu amsar. Ka zaɓi fanni ɗaya. Ka roƙi maigidanka ya riƙa ba ka duk fayil ɗin da ya shafe shi, in chambar ba ta irin wannan aikin ka nemi wadda take yi, ko da albashin bai fi ba. Ka rubuta sharhi biyu ko uku a kan sabuwar dokar fannin ka buga. Ka riƙa zuwa tarukan ƙungiyar lauyoyi reshen Abuja, ka gaisa da mutane, ka karɓi lambobi.

In kuma bayan ka yi shawara da matarka kun ga ƙaura kuke so ku yi, to ka kira ta da sunanta, ka bi hanyarta: ka fara SQE ko NCA daga nan da abin da za ka iya tarawa, ka ga ko za ka ci kashin farko kafin ka sayi tikiti. Ka yi istihara, ka kuma rubuto mini bayan ka dawo daga Jos in ji yadda kuka yi da Baba. Allah ya sauki iyali lafiya.